Tsohuwar Jitar Bes: A Auna Kafin A Yanke Waya

A cikin 1976 wani kamfani mai suna Music Man, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fito da wata jitar bes da ya raɗa wa suna StingRay. Jitar bes ita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke ba da amon nan mai zurfi da mai sauraro kan ji har a ƙirjinsa. Daga cikin waɗanda suka tsara ta akwai Leo Fender, tsohon mai gyaran rediyo na garin Fullerton, wanda ya ƙera Precision Bass a 1951, alhali shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Abin da ya bambanta StingRay da yawancin jitocin zamaninta shi ne wata 'yar ƙaramar amfilifaya da aka dasa a cikinta, mai aiki da batir na bolt 9. Makaɗa irin su Louis Johnson da Bernard Edwards sun yi suna da ita.

Jitocin da aka yi kafin kamfanin Ernie Ball ya sayi Music Man a 1984 duk sun haura shekara arba'in. Wasu sun fara ƙara idan an murɗa maɓalli, wasu muryarsu na yankewa. Shawarar da aka fi ba masu su ita ce a kwashe kayan ciki ɗungurungum, amfilifaya da wayoyi da maɓallai, a zuba sababbi. Ni ban yarda da wannan shawara ba, kuma hujjojina na ɗakin gwaje-gwaje ne, ba na son tsohon abu don tsufansa ba.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. Makaɗa na kiransa fikof. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa, sai ta motsa filin maganaɗisun, wutar lantarki 'yar kaɗan ta samu a cikin naɗin. Wannan ita ce dokar da Michael Faraday ya gano a 1831. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa, mafi siranta kuwa kimanin sau 98. To, wutar da ke fitowa rarrauna ce, kuma doguwar wayar da ke kai ta zuwa babbar amfilifaya tana shanye sashen amo mai kaifi. Aikin amfilifayar ciki shi ne ta ƙarfafa saƙon tun bai bar jitar ba. Bugu da ƙari, tana ba makaɗi ikon ƙara zurfin amo ko kaifinsa, abin da jita marar batir ba ta iyawa, domin ita ragewa kawai take yi.

Ke nan amfilifayar wani sashe ce na muryar jitar, kamar yadda maƙogwaro yake ga mai waƙa. Wanda ya sauya ta da wata mai tsari dabam ya sauya murya. Amma wayoyin da ke haɗa maɓallai fa? Guntun waya mai tsawon santimita 10 tirjiyarsa ga lantarki ba ta kai ko kusa da om ɗaya ba, alhali naɗin fikof tasa ta dubban om ce. Jan ƙarfe ba ya gajiya don ya daɗe. Muddin rigar wayar ba ta tsage ba, kuma bakinta na liƙe, sabuwa ba ta da abin da za ta ƙara.

Abubuwan da ke tsufa da gaske sanannu ne. Maɓallin murɗawa yana da wata 'yar hanya ta gawayi a ciki, wadda ke cinyewa ko ta tara ƙura, shi ne ƙarar da ake ji. Ramin da ake soka waya yana yin tsatsa ko ya saki. Batir da aka manta a ciki yakan yoyo ya cinye mariƙinsa. Dalmar da aka liƙa wayoyi da ita takan tsage. Akwai kuma wani nau'in kafasita mai ruwan sinadari a ciki, wanda ke bushewa da shekaru. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya gano shi da mitar awon lantarki da ido mai kyau, kuma sau da yawa maganin bai wuce ruwan wanke maɓalli, ko ɗigon sabuwar dalma, ko mariƙin batir ba. Likitan kirki ba ya farke ciki sai ya san abin da yake nema.

Mai karatu zai ce, ai waɗanda suka sauya kayan sukan rantse cewa jitar ta fi daɗi. Ba na cewa ƙarya suke yi. Ina cewa kunne ba ma'auni ba ne, kuma a nan ne ilmin halittu ke da ta cewa. A cikin kunne akwai katantanwa, wadda kowane sashe nata ke amsa wani matakin amo. Amo mai zurfi a can ƙurya ake jinsa. Georg von Békésy ya sami lambar Nobel a 1961 saboda bayanin wannan. Tun kafin nan, a 1933, Harvey Fletcher da Wilden Munson sun nuna cewa kunnenmu ba ya jin amo mai zurfi sosai idan ƙarfin sauti kaɗan ne, amma da an ƙara ƙarfi sai zurfin ya bayyana. Ma'anar wannan ga batunmu babba ce. Idan sabuwar amfilifaya ta fi tsohuwa ƙarfi ko da kaɗan, makaɗi zai ji kamar amon ya cika ya yi kauri, alhali da ya murɗa maɓallin tsohuwar sama da ya sami abin da ya yi kama da haka.

Sa'an nan ga matsalar tunawa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ainihin kamannin sauti na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Wanda ya ji jita ranar Asabar, ya kai ta gyara, ya karɓo ranar Laraba, ba sauti biyu yake kwatantawa ba. Sabon sauti yake kwatantawa da labarin da ya ba kansa. Galibi kuma mai gyara yakan sa sababbin tsirkiyoyi a lokaci guda, su kuwa sababbin tsirkiyoyi sun fi tsofaffi kaifin amo nesa ba kusa ba. Ɗalibin da ya sauya taki da ruwa da haske a tukunyar wake ɗaya, ya zo yana cewa taki ne ya sa ta girma, malaminsa ba zai ba shi maki ba.

Wannan hujja fa kaifi biyu gare ta, domin tana sarar masu bautar tsohon kaya kamar yadda take sarar masu ɗokin sabo. A 2010, a birnin Indiyanafolis, Claudia Fritz da Joseph Curtin da abokan aikinsu suka ba ƙwararrun makaɗa 21 gogen Turawa guda shida, uku sababbi, uku tsofaffin Italiya, biyu daga ciki aikin Stradivari. An dushe hasken ɗaki, an sa musu baƙin tabarau don kada su gane wanne ne wanne. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 suka zaɓi sabo. Saboda haka ba na da'awar cewa akwai wani sirri a cikin tsohuwar dalma. Dalilina na a bar tsohon kaya dabam ne: shaida ne. A bayan maɓallan jitocin Amurka na wancan zamani akan buga lamba. Idan ta fara da 137, kamfanin CTS ne ya yi shi, lambobin da ke biye kuma suna nuna shekara da mako. Da irin wannan ake tabbatar da shekarun jita, kuma shi ya sa masu saye ke rage farashi idan an taɓa cikinta. Wanda ya jefar da maɓallin kamar wanda ya cire takardar bayani ne daga busasshen tsiro a ma'ajiyar tsirrai: tsiron na nan, amma ba wanda zai ƙara sanin inda aka tsinko shi da yaushe.

Akwai inda sauyi ya zama dole, ban musa ba. Amfilifayoyin StingRay na farko an lulluɓe su da wani danƙo mai daskarewa kamar dutse, don kada wasu kamfanoni su kwaikwayi tsarin. Idan wani abu ya mutu a cikin wannan danƙo, kai hannu gare shi wuya ne ƙwarai. Makaɗin da jitar ce gonarsa ba zai hau dandamali da abin da zai iya yin shiru a tsakiyar waƙa ba. Shi kansa Fender da kusoshi ya ɗaura wuyan jitarsa, don a iya kwancewa a gyara. To, a sauya, amma da sharaɗi: a yi aikin ta yadda za a iya komawa baya. A ɗauki hoton wayoyin kafin a taɓa su, a zana inda kowace take. A ciro tsohon kayan gaba ɗaya a haɗe, a ajiye shi a cikin akwatin jitar. Kada a manta da wayar da ke haɗa gadar tsirkiyoyi da sauran kayan, domin ita ke rage gurnanin wutar gida, mai kaɗawa sau 60 a daƙiƙa a Amurka, sau 50 a Turai da nan ƙasarmu. Abin da ba na yafewa shi ne a sassaƙe katakon don a sami wurin batir na biyu ko ƙarin maɓalli. Waya ana mai da ita, katako ba ya tsirowa.

Ga ɗalibin da ke sha'awar irin wannan aiki, tsohuwar dalmar liƙi haɗin kuza ce da dalma, tana narkewa a wajen digiri 185. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwa da jini, kuma ta hannu zuwa baki ta fi shiga jiki, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a sababbin kayan lantarki tun 2006. Hayaƙin da ke tashi kuwa na ƙaron da ke cikin wayar liƙin ne, yana iya tayar da asma. A buɗe taga, a wanke hannu kafin a ci abinci. Kafin a kwance komai kuma, a naɗi sautin jitar da tsirkiyoyin da ke kanta. Bayan gyara a sake naɗa da waɗannan tsirkiyoyi, a daidaita ƙarfin sautin biyu, sa'an nan a ba wani ya kunna su ba tare da ya faɗi wanne ne na farko ba.