Fyaɗe ga yara: Abin da doka ba ta kai ba a ƙauyukan Batsari da Safana

A shekarun baya, duk lokacin da aka ambaci Wagini da sauran garuruwan da ke gefen dajin Rugu a yammacin jihar Katsina, labarin da ke biyo baya shi ne na harin 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane.

To amma akwai wata ɓarnar da ba kasafai take shiga ƙidaya ba, wato lalata da ƙananan yara, mata da maza.

Wani ɓangare na wannan ta'asa 'yan bindiga ne ke aikata shi ga waɗanda suka sace. Sai dai masu aikin kare yara sun daɗe suna nuna cewa galibin masu cin zarafin yaro ba daga daji suke fitowa ba. Mutane ne da yaron ya sani, kamar maƙwabci, ko ɗan uwa, ko mai sayen kayan tallarsa.

Wani bincike da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 da tallafin asusun UNICEF, ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma a Nijeriya, na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Waɗanda suka samu wani taimako daga baya ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Doka a takarda

Ta fuskar doka an samu sauyi. Nijeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara tun 2003, amma sai a ƙarshen 2020 gwamnatin Aminu Bello Masari ta amince da tata dokar a Katsina, bayan doguwar muhawara kan batun shekarun aure.

A shekarar ce kuma gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, shi kuma Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce an kai rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu. Jihar Kaduna ma har hukuncin dandaƙa ta tanadar wa wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Sai dai doka ba ta fara aiki sai an kai ƙara, kuma a nan gizo ke saƙar.

A ƙauye, uba kan auna abubuwa da dama kafin ya doshi ofishin 'yan sanda: kuɗin mota, da zirga-zirgar kotu, da kuma tsoron kada 'yarsa ta rasa mijin aure. Sau da yawa maganar kan ƙare a zauren mai unguwa da sunan rufin asiri. A zahiri asirin mai laifi ne ake rufawa, domin shi ke ci gaba da yawonsa a gari, yarinyar kuwa ita ake ɓoyewa a ɗaka, ko a tura ta wurin dangi a wani gari.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Iyalan da suka gudo daga ƙauyukansu zuwa garin Batsari sun zauna a cunkushe, wasu a makarantu, wasu a gidajen 'yan uwa, yara kuma suka koma talla da bara don a samu na tuwo. Lokacin da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar a 2021, ciki har da Batsari da Safana, hatta kiran neman agaji ya gagara.

Sa'o'i 72

Wannan ne ya sa masu faɗakarwa ke ganin cewa ilmin da ya fi gaggawa ga iyaye na asibiti ne. Maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar HIV yana aiki ne idan an fara shan sa cikin sa'o'i 72. Bugu da ƙari, gaggawar yi wa yaro wanka da wanke tufafinsa na shafe shaidar da likita zai rubuta, wadda kotu za ta dogara da ita.

Uwar da ta san wannan ba za ta kwana uku tana jiran shawarar dangi ba.

Akwai kuma rawar malamai, waɗanda muryarsu ta fi ta kowane jami'i kaiwa cikin gidaje. Jama'a da dama na ɗaukar fyaɗe tamkar zina, suna tsoron sai an kawo shaidu huɗu, in ba haka ba mai ƙara ya faɗa laifin ƙazafi. Shari'ar Amina Lawal, wadda aka yanke wa hukuncin jefewa a 2002 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta a 2003, ba ta fyaɗe ba ce, amma ta bar wa mata da yawa fargabar kai kansu gaban alƙali.

Alhali a fiƙihun Malikiyya babu haddi a kan wadda aka tilasta wa, balle yarinyar da ba ta balaga ba, kuma Imamu Malik ya ɗora wa mai fyaɗe biyan sadakin irinta, baya ga hukuncin da ke kansa. Wannan bayani ba ya yawan fitowa a huɗubar Juma'a.

Batun yara maza ya fi kowanne nutsewa. Sai da 'yan sanda suka kai samame wasu gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019, inda waɗanda aka kuɓutar suka ba da labarin lalatar da aka yi da su, sannan aka fara tattauna shi a fili.

Koya wa yaro cewa akwai sassan jikinsa da ba wanda ke da ikon taɓawa, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Malamar Islamiyya ko ungozoma na iya yin sa. Abin da ya fi wuya shi ne manya su gaskata yaron idan ya yi magana, musamman idan wanda ya ambata mai faɗa-a-ji ne.

A 2025 al'ummomin Batsari da Safana sun shiga sulhu da wasu gungun 'yan bindiga. Abubuwan da suka fi fitowa fili a zaman su ne sakin waɗanda aka sace, da buɗe hanyoyi da kasuwanni, da komawa gona. 'Yan matan da suka dawo daga daji, wasu da juna biyu, har yanzu hannun iyayensu da asibitocin da ke kusa aka bar wa kulawa da su.