Lafiya Uwar Jiki: Sankarar Mama Tsakanin Wuƙar Likita da Madubin Bincike

A wannan fitowa za mu tattauna kan ciwon da ake sassauta murya in za a ambace shi a gidajenmu na Mursal da sauran unguwannin Injamena, wato sankarar mama. Maganganu biyu ne suka fi tsare mata a ɗaki in sun ji ƙululu a ƙirji. Ta farko, wai duk wadda ta je asibiti sai an yanke mata nono. Ta biyu, wai da zarar ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Bari mu auna su da abin da masana suka gano a ɗakunan tiyata da na gwaje-gwaje.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo, 670,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan mata a ƙasashen Afirka biyar ya nuna rabinsu kaɗai ke raye shekara 3 bayan gano ciwon. Babban dalili shi ne zuwa a makare.

Yi wa wannan ciwo fiɗa ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa ana iya cire sankara in tana ƙarama a wuri irin mama, amma in ta tsufa ta yi jijiya sai ta gagara. Shekara dubu ke nan, kuma bincike bai rushe wannan magana ba.

A 1894 wani likitan Amurka, William Halsted, ya bayyana irin aikinsa: a cire nono ɗungurungum, a haɗa da naman ƙirji da kaluluwar hammata. Tunaninsa shi ne ciwon na rarrafe ne daga wuri zuwa na kusa da shi, saboda haka gwargwadon faɗin yanka gwargwadon samun sauƙi. Kusan shekara 80 ana bin wannan hanya, mata da yawa suka saura da kumburarren hannu da ramin ƙirji. A nan tsoron da muka gada ya samo tushe.

Daga baya likitoci biyu suka sa wannan tunani a ma'auni. Umberto Veronesi a birnin Milan na Italiya ya raba mata 701 masu ƙaramin ƙululu gida biyu: wasu aka cire musu nono duka, wasu aka cire sashen da ciwon yake aka bi da gashin na'ura, wanda ake kira radiyoterafi. Sakamakon ya fito a 1981. Bernard Fisher a Amurka ya fitar da irinsa a 1985. A 2002 dukansu suka sake duba matan bayan shekara 20, aka tarar tsawon rai ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Ashe wadda ta zo da wuri tana iya tsira da ranta da nononta. Daga shekarun 1990 kuma aka koyi zuba launi don gano kaluluwar farko da ciwon ke bi, a ciro ta a duba. In lafiya take, a bar sauran, hannu ya tsira daga kumburi.

Batun cewa ƙarfe ke watsa daji kuwa, binciken Fisher ya nuna ƙwayoyin ciwon kan bi jini su tafi huhu ko hanta ko ƙashi tun kafin a taɓa mace da wuƙa. In aka yi wa mace aiki a makare ta rasu bayan 'yan watanni, sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Shi ya sa ake haɗa tiyata da magungunan da ke bin jini, irin kimiyoterafi.

Ɗakin gwaje-gwaje kuma ya koya mana cewa sankarar mama iri-iri ce, kowace da abincinta. Tun 1896 George Beatson a Glasgo ya lura ciwon wasu mata na ja da baya in an cire musu ƙwan mahaifa. A ƙarshen shekarun 1950 Elwood Jensen ya gano dalili: wasu ƙwayoyin na da wata kafa da ke karɓar sinadarin mata, estirojin, da shi suke girma. Ƙwayar tamoksifen tana toshe wannan kafa, kuma shan ta shekara 5 na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu wannan iri. A 1987 Dennis Slamon ya nuna wani iri mai saurin girma da ake kira HER2, a 1998 aka amince da allurar Herceptin dominsa. Akwai kuma irin da ba shi da ko ɗaya daga waɗannan kafofi, shi sai kimiyoterafi. Ido ba ya rabe su, hannu ba ya rabe su. Sai an ɗebi ɗan nama da allura, abin da ake kira biyofsi, an duba shi a madubin likita.

Mu ma 'yan Afirka muna da hannu a wannan ilmi. Bayan Mary-Claire King ta gano a 1990 cewa ana iya gadon ciwon ta wata ƙwayar halitta da aka sa wa suna BRCA1, Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ta yi karatu a Ibadan, ta jagoranci bincike kan matan yankinmu. A 2018 ita da abokan aikinta suka duba mata 1,136 masu ciwon a Ibadan, suka tarar kusan 11 cikin 100 na ɗauke da tawaya a BRCA1 ko BRCA2. Don haka gidan da uwa ko 'yar'uwa ko goggo ta yi wannan ciwo, musamman da ƙuruciya, ya wajaba 'yan matansa su sanar da likita. Gadon kan biyo ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa.

Ba mu mance da halin da muke ciki ba. Shekara da shekaru iyalan Cadi na sayar da filaye da dabbobi don kai marar lafiya gashin na'ura Kamaru ko Sudan ko Masar ko Tunisiya. Nijar ta fara nata a Yamai a 2021, a 2022 kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta sa Cadi cikin ƙasashen Afirka 7 na farko a shirinta na samar da irin waɗannan na'urori. Amma tiyata da gwajin farko ana fara su nan gida, a Asibitin Uwa da Yaro ko Babban Asibitin Ƙasa.

Ga abin da muke roƙo. Uwargida, ki riƙa duba ƙirjinki sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki daga al'ada. Ƙululu ko da ba ya ciwo, jini daga kan nono, kan nono ya lotsa, fata ta yi kamar ɓawon lemo, kaluluwa a hammata: duk ki kai asibiti. Yawancin ƙululu ba daji ba ne, amma gwaji ne ke faɗa. Kada a bari wanzami ya tsaga, kada a ɗaura magani mai cin fata. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a kammala gano ciwon cikin kwana 60 daga zuwan farko.

In an yi aiki, iyali su tambaya: an sa naman cikin ruwan formol nan take? Wane ɗakin gwaji za a kai shi? Yaushe takarda za ta fito? Naman da ya daɗe a waje cikin zafinmu kan lalace, gwaji ya ce babu kafar estirojin alhali akwai, mace ta rasa magani mai sauƙin kuɗi. Mun san wasu kan so karɓar abin da aka cire don binnewa, saboda girmama jikin ɗan Adam. Niyya ce mai kyau, amma a bari a gwada tukuna.

Malam maigida, nauyin yana wuyanka. Addininmu ya umarce mu da neman magani, malamai kuma sun halatta likita namiji ya duba mace in larura ta kama babu likita mace. Ka ba da izini, ka raka ta, ka sa hannu in an ce aiki. Matar da aka cire wa nono matarka ce kamar jiya, kada ta ji gori daga kishiya ko dangi a gidanka. Mu kuma maƙwabta, kuɗin adashi da na gudunmawar biki za su iya biyan biyofsin 'yar'uwa guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.