Minna zuwa Sakkwato: Awa Ɗaya a Taswira, Wuni Guda a Zahiri

'Yan uwa mazauna Minna, musamman mu da iyayenmu suka baro ƙasar Sakkwato da Kabi suka zo nan neman halaliya.

Tun da aka gyara filin jirgin sama na Maikunkele, aka raɗa masa sunan Bola Ahmed Tinubu a 2024, sannan kamfanin Overland ya fara sauka a 2025, nake jin wasu samarinmu a kasuwar Kure na cewa yanzu gida ya matso kusa. Ni kam ban yarda ba.

Mai karatu, ɗauki taswira ka ja zare daga Maikunkele zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato. Kimanin kilomita 390 ne. Ƙaramin jirgi mai farfela, da tashinsa da saukarsa, wajen awa ɗaya zai ci. Har nan maganar samarin tana kan hanya.

To amma babu jirgin fasinja da ke bin wannan zaren. Dole sai ka faɗa Abuja tukuna, ita kuwa tana kudu maso gabas da mu, Sakkwato na arewa maso yamma. Wato ka juya wa gida baya na kilomita 110, sannan ka dawo ka ci wajen 490. Tafiyar 390 ta koma 600, da tikiti biyu, da zaman jira a tsakani. In lokacin jiragen bai zo daidai ba, kwanan Abuja ya kama ka, kuma kowa ya san masaukin Abuja ba na ɗan tireda ba ne.

Saboda haka har gobe mota ce tamu: Zungeru, Tegina, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal. Ka tashi bayan asuba, in Allah ya taimake ka ka yi magariba a gida. Ramuka ma da sauƙi a kan fargaba. A 2021 aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina a watan Mayu, a Yuni kuma 'yan makarantar gwamnatin tarayya a Birnin Yawuri, duk a yankin da muke ratsawa.

Wasu na cewa ƙungiyoyinmu su roƙi a sa mana jirgi kai tsaye, ko da sau ɗaya a mako. Mu tambayi kanmu, me ke kai mu gida da gaggawa? Rasuwa ce. A buga maka waya da hantsi, kafin azahar an kai mamaci makwanci. Jirgin ranar Alhamis me zai yi wa wanda uwarsa ta cika ranar Litinin? Sannan mu nawa ne za su iya kuɗin kujerar? Albasar Aliero da doyar Paiko, waɗanda su ke ciyar da gidajenmu, ba a jirgi ake ɗora su ba.

Ba na ƙin filin jirgin, wallahi, ko don alhazanmu. Amma idan shugabannin ƙungiyoyinmu suka samu ganin gwamna, ko 'yan majalisar Neja da Kabi da Sakkwato, ina roƙon kada su ɓata damar a kan tikiti. Su nemi a gyara titin daga Tegina zuwa Kontagora har Yawuri, a kuma zuba jami'an tsaro masu kwana a kansa, ta yadda direba zai iya tashi daga Minna da la'asar ba tare da fasinja sun yi wasiyya ba.