Shahon Kifi, Baƙonmu na Kaka

A da, kafin kalanda ta rataya a kowane ɗaki, tsuntsaye ne ke faɗa mana lokaci. Shamuwa na sauka kan kukar bakin gari, sai a kai fartanya maƙera, a fara sharar gona. Wannan kam har yau yara sun sani. Amma akwai baƙin da ke zuwa a ɗaya gefen shekara, bayan ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara tsattsage leɓe. Su ba mu yi musu waƙa ba. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ko fadama zai tuna ɗaya daga cikinsu: babban shaho mai farin ƙirji da duhun baya, da baƙin zane da ya ratsa idonsa kamar an ja masa kwalli. Zai tsaya cak a sama yana kaɗa fukafukai, sai ya faɗo ruwa da ƙafafu a gaba, wani sa'in har ya nutse, ya taso da kifi a farce, kan kifin na duban gaba. Mu yi ihu daga cikin kwalekwale, mu koma ga komarmu. Ban taɓa jin wani ya tambayi daga ina yake ba.

Turawa kuwa sun daɗe suna tambaya, domin mu isowar tsuntsaye muke gani, su tafiyarsu. Har akwai masanansu na da da suka rantse cewa wasu tsuntsayen cikin laka suke nutsewa su yi barcin sanyi. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz na Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku, kuma tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Sai dai zobe wuri biyu kawai yake faɗa: inda aka sa shi, da inda tsuntsun ya faɗa hannun mutum. Abin da ke tsakani ya zauna a duhu kusan shekara ɗari.

Shi wannan shahon, mutanen Birtaniya sun san zafin rashinsa. Maharba da masu tara ƙwai sun bi shi har ya daina sheƙa a Sikotlan a 1916. Da wasu biyu suka dawo tafkin Loch Garten a 1954, sai da aka kai ga gadin sheƙar dare da rana saboda ɓarayin ƙwai. Daga 1996 zuwa 2001 aka kwashi 'ya'ya 64 daga Sikotlan aka rene su a tafkin Rutland na Ingila, don su ɗauki wurin a matsayin gida. A 1999 ne wani masanin tsuntsaye, Roy Dennis, da abokan aikinsa suka fara goya wa wasunsu wata 'yar na'ura mai nauyin giram 30 ko kusa da haka, wadda ke aika wa tauraron ɗan'adam labarin inda tsuntsu yake. Waɗanda ake goyawa yanzu da hasken rana suke aiki.

To, me aka gani? Uwa ce ke fara barin gida, tun cikin Agusta. Uba ya zauna yana kawo kifi har 'ya'ya su yi ƙwari, sannan kowa ya kama gabansa, ɗaiɗai. Ɗan wata uku, wanda bai taɓa ganin hanyar ba, babu jagora, zai doshi kudu ta Faransa da Sifen da Maroko, ya shiga Sahara, inda zai yi kwanaki babu kifi ko ɗaya, yana hawan iskar zafi da rana, yana kwana a ƙasa. Tafiyar kusan kilomita 5,000 ce zuwa Senegal ko Gambiya. Na Suwidin da Finlan da Jamus sukan biyo ta gabas, su ne ke sauka a gulaben Najeriya da Kamaru da yankin Tafkin Chadi. Da yawa cikin ƙananan ba sa kaiwa. Iska kan tura wani tsakiyar teku, ƙarfi ya ƙare wa wani cikin rairayi, ɗigon da ke tafiya a taswira ya tsaya wuri ɗaya. Akwai tsofaffi da 'yan makaranta a Turai da ke buɗe kwamfuta kowace safiya a watan Satumba don su ga inda tsuntsunsu ya kwana, kuma idan ɗigon ya tsaya, makoki suke yi na gaske. Kada mu yi musu dariya. Wanda ya taɓa rasa abu shi ya san darajarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zamansa a wajenmu. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan kusan rabin shekara yake yi, daga Oktoba zuwa Maris. Ƙaramin da ya iso bana ma ba zai koma da bazara ba, sai ya kai shekara biyu. Babba kuwa, idan ya sami wurin da ya yi masa, nan zai riƙa dawowa duk shekara, sau da yawa kan kututture ɗaya. Matarsa na can wani gulbin, watakila a wata ƙasar, ba za su haɗu ba sai a sheƙa. Ashe wanda kakanninmu masunta ke gani a bakin ruwa shekara da shekaru tsuntsu ɗaya ne, kuma na tabbata wasunsu sun gane haka ba tare da na'ura ba. Sun san sa'ar da yake farauta, sun san inda ya shawagi akwai kifi.

Yau tauraro na iya nuna ɗigo a fadamar Haɗeja da Nguru, amma ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashin ɗigon. Ba ya faɗin cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga taru mai ƙananan ido yana kwashe har 'ya'yan kifi. Wannan masunci ne ya sani, domin tukunyarsa da cikin shahon ruwa ɗaya ke cika su.

Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma matasanmu da ta horar na zagaya jihohi da madubin hangen nesa da waya, suna rubuta tsuntsun da suka gani da inda suka gan shi. Madalla da su. Roƙona ɗaya: idan sun isa Nguru ko Yawuri, su fara sallama a ƙofar Sarkin Ruwa, su zauna a tabarma da littafinsu, su tambayi dattawan da suka rage wane tsuntsu ke zuwa a wane wata, da wanda ya daina zuwa.