NAZARI: Na'urar tatsar zance, darasin Amurka da oba-oban ayarin manya

Ranar 21 ga Disamba, 1996, wasu miji da mata a jihar Florida ta Amurka sun kunna na'urar laluben zangon rediyo a cikin motarsu, sai suka tsinci muryoyin da suka sani. Kakakin Majalisar Wakilai Newt Gingrich ne da jiga-jigan jam'iyyar Republican ke shawara kan binciken ɗa'a da ake yi masa. Ɗayansu, John Boehner, ya shiga taron ta wayar salula, ta nan kuma zancen ya yoyo. Ma'auratan suka naɗa, suka miƙa kaset ga Jim McDermott, ɗan Democrat a kwamitin ɗa'a, kuma cikin Janairun 1997 jaridar New York Times ta fallasa abin da aka tattauna. An ci ma'auratan tarar dala 500 kowannensu. McDermott kuwa ya sha shari'ar shekara goma, har a 2008 kotu ta umarce shi ya biya Boehner sama da dala miliyan 1.

Abin lura shi ne duk wannan ya faru alhali doka tana nan. Tun 1986 Amurka ta haramta sauraren hirar salular wani. A 1992 majalisa ta umarci hukumar sadarwa ta FCC ta daina amincewa da duk na'urar da ke kama zangon salula ko wadda za a iya sauya ta cikin sauƙi, kuma daga Afrilun 1994 aka hana ƙera irinta ko shigo da ita. Zangunan da aka toshe su ne megahaz 824 zuwa 849 da 869 zuwa 894.

Toshewar ba ta yi nisa ba. Kamfanoni kan ƙera ƙwaƙwalwa iri ɗaya don kasuwannin duniya, su rufe wa Amurka nata zangon da ɗan ƙaramin ƙarfe, wanda mai gyaran rediyo zai iya cirewa kafin shayinsa ya huce. Dole a 1999 FCC ta ƙara tsaurara ƙa'idar, ta ce a ƙera na'urar ta yadda taɓa cikinta zai lalata ta, a kuma manna mata gargaɗin cewa sauya ta laifi ne.

Sai dai ba doka ce ta rufe ƙofar ba. Salular wancan zamani tana watsa murya tsirara, kamar tashar FM. Da aka koma tsarin dijital mai kulle zance da lambobin sirri, aka kuma sauke wa kamfanoni nauyin riƙe tsohon tsarin a Fabrairun 2008, sai ya zama babu abin ji a wurin da aka toshe. Haramcin ya ci gaba da gadin ɗakin da babu kowa a ciki, yayin da 'yar na'ura mai girman babban yatsa, wadda ake soka wa kwamfuta, ta zo tana kama zanguna masu faɗi a kan kuɗi kaɗan. Birtaniya ta bi wata hanya: mallakar na'urar ba laifi ba ne, amma dokarta ta 2006 ta hukunta sauraren saƙon da ba a yi domin mutum ba.

A Najeriya, salular GSM da ta shigo a 2001 dijital ce tun farko, don haka na'urar laluben zango ta gama-gari ba ta jin hirar waya. Ramin yana wani wuri. Oba-oba mai araha da ke hannun direbobi, masu gadi da jami'an tsare-tsaren ayarin manya, galibinta tana watsa murya ne a buɗe. Lokacin tashin minista, hanyar da aka sauya, otal ɗin da za a sauka: duk mai na'ura a kusa zai iya ji, ba tare da ya buɗe ko sukurori ɗaya ba. Lambar sirrin da 'yan kasuwa ke tallata wa masu saye a kan waɗannan rediyoyi tana hana mai ita jin surutun wasu ne kawai, ba ta hana wasu jin nasa.

Ta fuskar doka, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin hirar tarho. Sashe na 12 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya tatsi saƙon da ba na jama'a ba. Ƙa'idar da NCC ta fitar a 2019 ta keɓe tatsar sadarwa ga hukumomin tsaro. Amma lafazin sashe na 12 a kan bayanan kwamfuta ya ginu, kuma lauya mai wayo zai ce muryar da aka watsa a iska babu kulle ba ta shiga ciki ba.

Inda babu gardama shi ne watsawa. Rediyon da aka faɗaɗa masa zango ya fita daga siffar da NCC ta amince da ita, kuma dokar sadarwa ta 2003 ta hana amfani da zango babu lasisi. Hadimin da ya kai oba-oba wurin mai gyara domin ta riƙa magana da rediyon 'yan sandan rakiya ya sa ofishinsa cikin laifi, ko da niyyarsa sauƙaƙa aiki ce.

Komawa tsarin dijital ma yana buƙatar a karanta takardar kwangila da kyau. A Yulin 2023 masu bincike na kamfanin Midnight Blue a ƙasar Holan sun nuna cewa TEA1, ɗaya daga cikin makullan tsarin TETRA da ake sayar wa ƙasashe da dama, an rage ƙarfinsa daga bit 80 zuwa 32, abin da kwamfutar tafi-da-gidanka ke fasawa cikin ƙasa da minti ɗaya.