Wasiƙa Zuwa ga Maƙeran Kudancin Kano a Kan Bindigar Gado

Ya ku Sarakunan Maƙera da iyayenmu maƙeran baƙi na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Maganar tsohuwar bindigar toka ce ta sa na ɗauki alƙalami, irin wadda magada ke saukowa da ita daga rufin ɗaki su ce a mayar musu da ita sabuwa. Roƙona shi ne ku gyara ta don ta daɗe a gidan, kada ku gyara ta don a sake harbawa.

Hujjar tana cikin ƙarfen. Albarushi idan ya ƙone yana barin dauɗa mai jan danshi, sai tsatsa ta riƙa cin bututun daga ciki, musamman can gindi inda wuta ke tashi. Waje na iya yin sumul alhali ciki ya rarake. Walda ba ta mayar da naman ƙarfen da ya tafi, rufe ido kawai take yi. Abin ya fi muni idan yaro ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a ciki, domin ƙarfinsa ya wuce abin da aka ƙera bututun ya ɗauka, kuma idan ya fashe, hannu da fuskar mai harbi yake fara samu. Kafin ma a je nan, maharba a da can sukan ajiye bindiga a ɗure, kuma albarushin da ya shekara hamsin a bushe yana iya tashi. Don haka kafin ta kusanci wutar maƙera, a zura sanda a bututun har ta tsaya, a yi alama daidai baki, a zaro a gwada ta waje. Idan sandar ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki.

Mai bindiga zai ce yana son ta yi ƙyalli, kuma kuɗinsa ne. Gaskiya ne, amma shi a zatonsa dauɗa za a cire. Ku ne kuka san magagari da sanfefa suna tafiya da tambarin maƙerin farko da duhun da shekaru suka sa wa ƙarfe. Kananzir da buroshi mai laushi da ɗan man keke sun isa su tsayar da jar tsatsa. Ƙotar da ta tsage a ɗaure ta, kada a sassaƙa sabuwa, domin wurin da ya lotsa ya yi santsi, kafaɗar kakan mai ita ce ta yi shi. Layu da fatar da aka naɗe ta da su kuwa a bar su inda suke. Ƙasar nan tana da abin tunawa: a Bebeji ne rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofar gari da igwa a 1903 a hanyarta ta zuwa Kano, kuma dajin Falgore ya ciyar da gidajen mafarauta da yawa kafin a keɓe shi. Ba kowace bindiga ce ta ga waɗannan ba, kuma bai kamata maƙeri ya ƙaga wa bindiga tarihi don ya ƙara lada ba, amma wadda aka goge fes, ko ta gani babu sauran shaida a jikinta.

Magana mai nauyi ita ce ta tsaro. Mutanen gefen daji za su ce ba su da halin ajiye bindiga don ado alhali ɓarayin shanu na yawo. Ba na raina wannan tsoron. Sai dai bindigar da ba a san ta inda za ta fashe ba, ba ta kare kowa. Ga kuma Dokar Makamai ta 1959, wadda ta sa bindigar toka cikin makaman da ƙerawa da gyaransu sai da izinin 'yan sanda. Ran da aka samu matsala, maƙerin da ya taɓa ta ake fara nema. Mai bukatar makami ya bi ta hannun Sarkin Baka da hukuma. Ta gado kuwa, ku shafe ta da mai, ku gaya wa mai ita ya rataye ta nesa da bangon da ke jiƙa da damina, kuma ya rubuta sunan wanda ya riƙe ta da garinsa tun tsofaffin da suka sani suna raye.