Dattijonmu na tashi fitsari sau biyar a dare, mu kuma muna cewa "tsufa ne"

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. A fada muna hirar siyasa da tsadar hatsi har tsakar dare, amma zancen fitsarin iyayenmu maza, kowa ya yi gum. Kunya ce wai.

Akwai wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin mafitsarar namiji, likitoci na ce masa furostat. Girmansa kamar ƙaramin goro, kuma hanyar fitsari ta cikinsa ta ratsa. Idan shekaru suka haura 50 yakan fara girma, sai ya matse hanyar. Daga nan mutum ya tsuguna ya daɗe fitsari bai zo ba, in ya zo ba ƙarfi, yana yankewa. Ya gama, ya ji da saura. Ya yi tsarki, ya yi alwala, ɗigo ya biyo baya. Dattijo nawa ne suka bar sahun gaba a masallaci saboda wannan, ba wanda ya tambaye su dalili?

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne masu lasifika a kasuwa. Kwalba ɗaya wai tana maganin sanyi, basir, ƙarfin maza da fitsari. Baba ya ba da jika biyu, ya sha wata uku, ƙululu na nan yana girma. Ran da fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, sai a kwashe shi cikin dare a sa masa roba. Ina mai lasifika a lokacin? Kuma fitsarin da ke taruwa yana iya lalata ƙoda.

Girman furostat ba kansa ba ne, amma alamominsu kan yi kama, ciwon suga ma yana sa yawan fitsari. Awo ne kaɗai ke rarrabewa: likita ya duba, a yi hoton mara, a auna jini. Akwai ƙwayoyi, akwai aiki in ta kama.

Mu 'ya'ya, nauyin a kanmu yake. In muka ji ƙarar buta sau huɗu, sau biyar cikin dare, mu samu Baba a keɓe: "Baba, gobe in rakaka likita." In an ga jini ko fitsari ya tsaya, kar a jira wayewar gari.

Allah ya ba iyayenmu lafiya.